Tabawa Mai Zabi da Ƙwan Hankakan Dutse

Ran da Tabawa mai zabi ta rarrafa cikin akurkinta ta tarar ba shi da bangon baya, abin da ya jawo mata haka yana rataye a kan sanda a bayan gida, iska tana kaɗa shi.

Tabawa dattijuwa ce a ƙauyen Tungar Marke, gajera, mai kaifin baki. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka yi aure nesa, ba ta da abokin hira sai zabinta. Kowa ya san zabuwa ba ta iya kwanci ba, yawo ya fi mata. To, Tabawa ta gwanance wajen yi wa kaji wayo. Sai ta bari kaza mai kwanci ta fita shan ruwa, ta lallaɓa ta jera mata ƙwan zabi a gurbi. Kaza ta dawo ta haye abinta, ba tambaya ba bincike, ta ƙyanƙyashe 'ya'yan da ba nata ba, har ta riƙa yawo da su tana taƙama.

Abin da ya hana Tabawa sakat a duniya hankaki ne, masu farin ƙirjin nan da ke cike da kowace bola. Su sha ƙwai, su sure ɗan tsako a gaban idonta. Shekara ashirin tana ɗana musu tarkon gashin doki, don an ce in ka rataye mataccen hankaka kai ƙasa, sauran ba sa ƙara sauka a gidan. Shekara ashirin suna cinye tsabar da ke gefe, su tsallake igiyar, su tashi suna yi mata ihu. Sai ran nan da hantsi wani ya sauka, baƙi wuluk daga baki har wutsiya, ba ɗigon fari a jikinsa, ya taka cikin tarko kai tsaye kamar an kira shi. Har Tabawa ta iso da muciya bai yi yunƙurin tashi ba, kallonta kawai yake yi.

Ta ce, "Yau dai Allah ya ba ni wawan cikinku." Ta buge shi, ta rataye, ta wanke hannunta.

Da rana ta take, ta shiga akurki ɗebo ƙwai. Ta miƙa hannu inda bango yake, ta ji wayam. Ta ƙara matsawa, ta ƙara, sai ga ta a wani fili mai faɗi da ba ta taɓa gani ba, itatuwa jere iya ganin ido. Kowane itace kukan tsuntsu iri guda ke fita daga ganyensa, alhali ba tsuntsu ko ɗaya a kai. Wani dogon aljani mai ƙafafun zalɓe ya tsaya a kanta, ya ce, "Tashi, ana jiranki."

Ya kai ta gaban Magajiyar Tsuntsaye, aljanar da ke tsaron wurin, tana zaune a kan wani farin dutse, mayafinta duk gashin tsuntsu ne. Tabawa mai baki ta nemi bakin ta rasa. Ta zube ta yi gaisuwa.

Magajiya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ɗaga kanki ki dubi itacen da ke damanki."

Tabawa ta duba. Ƙaton itace ne, ganye ya yi masa yawa har rassan sun ranƙwafa, hayaniyarsa ta cika kunne.

"Wannan na hankakin gari ne, waɗanda kika sani. Kowane ganye rai guda ne. Da cikinsu kika kashe, da kin ɗauki alhaki, amma da ban sa an buɗe miki ƙofa ba. Yanzu dubi hagunki."

Wani ɗan siririn itace ne, ganye bakwai kacal a jikinsa, na takwas yana ƙasa, ɗanye shar.

"Wannan na hankakin dutse ne. Kaka ɗaya suka haɗa da na gari. Na gari ya sauko ya zauna kusa da ku, ya ci abin da kuka zubar, ya yi sheƙa a kowane itace, ya koyi halinku har ya fi ku saninsa. Na dutse ya zauna a bisa. Ba ya cin komai sai 'ya'yan ɓauren dutse da fara, ba ya ƙwai sai sau ɗaya a shekara, bai san mutum ba balle ya ji tsoronsa. Mutanenku suka sare ɓauren suka yi gawayi, yunwa ta sauko da wadda kika rataye. Mace ce. Ita kaɗai ta rage mai yin ƙwai, sauran bakwai maza ne da tsofaffi."

Tabawa ta ce, "Ranki ya daɗe, wallahi tallahi ni dai na ɗauka hankaka hankaka ne."

"Duk waɗanda suka zo nan kafinki haka suka ce." Magajiya ta nuna bayanta da haɓa. Can baya busassun itatuwa ne sun yi sahu, ba ganye, ba kuka, wasu tsofaffin mutane suna ta share ƙarƙashinsu ba sa ɗaga kai. "Wadda kika rataye ta bar ƙwai uku a ƙwanƙolin Dutsen Shuni, suna hucewa. In ɗaya ya ƙyanƙyashe ya koma dutse da ransa, kin kuɓuta. In duk suka mutu, itacen nan zai shiga sahun can, ke kuma akwai tsintsiya tana jiranki."

Ta busa mata iska a kunne don ta riƙa jin maganar hankaki, ta nuna mata hanya da yatsa.

Tabawa ta ɗaure zane ta kama tafiya. Ba ta yi nisa ba ta iske wani kogi wanda ba ruwa ke gudu a cikinsa ba, yashi ne. Ta jefa dutse, ya haɗiye. Wata murya daga ciki ta ce, "Duk wanda ya taka ni da ƙarfi, nawa ne." Tabawa ta yi ɗan tunani. Mai kiwon zabi ba ya ɗaga ƙafa in 'yan tsaki na zagaye da shi, jan ta yake yi a ƙasa kada ya taka wani. Haka ta ja ƙafafunta a hankali a hankali, har ta fita ɗaya gaɓar, yashin bai ko kai mata idon sawu ba.

Daga nan ta faɗa wani kwari cike da kututture. Tana shiga suka tare hanya gaba da baya, suka ce da murya ɗaya, "Ya ke mai wucewa, wa ya sare mu?"

Ta buɗe baki za ta rantse cewa ita ko gatari ba ta da shi, kuma gaskiya ne. Sai ta tuna buhunan gawayin da ake saukowa da su daga tudu ran kasuwa, da yadda take yabon ƙarfin wutarsu. Ta ce, "Ban sare ku ba, amma na sha dafa tuwo da ku, kuma ban taɓa tambayar daga ina kuke ba." Kututturen suka dare mata.

Hawan dutsen kuwa ba sai an faɗa ba. Ta hau da ƙafa, ta hau da gwiwa, ta hau da farce, tana zagin tsufa tana salati. A wata ƙusurwa can bisa ta sami sheƙar. Mijin marigayiyar na kwance a kan ƙwan, a karkace, duk ya jigata.

Ya ce, "Sannu da hawa, baƙuwa. Ko kin ga matata a hanya? Ta sauka neman abinci tun safe."

Wannan tambaya ta fi hawan dutsen wuya. Tabawa ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta jira ya kai mata sara a ido, don da na gari ne da ya yi. Shi kuwa ya dube ta kawai, ya ce, "Me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Kama ta yi da masu yi mini."

Ya matsa gefe ya buɗe mata sheƙar. Namiji ba shi da saɓaɓɓen cikin nan mai ɗumi da mace ke kwanci da shi, kuma garin juyawa ya fasa ɗaya. Tabawa ta ɗauki sauran biyun, ta dunƙule hannu ta ɗaga kowanne saitin rana, ta leƙa. Jijiyoyin jini na nan, akwai rai. Ta naɗe su da auduga daga bakin zanenta, ta sa a ƙirjinta, ta ɗaure.

Wajen saukowa wata kyakkyawar aljana ta tare ta da kaskon zinariya, wuta na ci a ciki ba hayaƙi. Ta ce, "Ya ke uwar wahala, ɗumin tsohuwa ba ya ƙyanƙyasar ƙwai. Ɗora su nan, kafin ki ƙifta ido sun fashe da 'ya'ya."

Tabawa ta ce, "Rabin maganarki gaskiya ne, ɗumina riƙo kawai zai yi. Amma shekarata arba'in da ƙwai, ban taɓa ganin wanda wuta ta mai da tsako ba, sai dai abin karin kumallo. Ba ni hanya." Aljanar ta yi tsaki ta ɓace da kaskonta.

Tabawa ta sake bi ta kwarin, ta ja ƙafa ta ƙetare kogin, dogon aljanin ya nuna mata wani rami, ta rarrafa, sai ga ta a cikin akurkinta. Ranar ma ba ta gusa daga inda ta bar ta ba.

Abu na farko, ta sauke gawar ta binne. Na biyu, ta zauna tunanin mai kwanci. Kaza ba za ta yi ba, don ɗan hankaka tsirara yake fitowa, makaho, sai an ba shi a baki. Sai ta tuna kukar da ke bayan gari, wadda aka kafa wa turaku don masu hawa ɗebo ganye. Akwai sheƙar hankakin gari a kanta, macen tana kwanci. Tabawa ta san ta sarai, wata mai tsagaggen fiffike ce da ta fi kowa yi mata ɓarna.

Nan fa Tabawa ta yi abin da hannunta ya saba. Ta laɓe har macen ta tashi shan ruwa, ta hau turakun, ta tarar da ƙwai huɗu. Allah ya sa ta ce bari ta gwada da ɗaya tukuna. Ta tura shi tsakiya, ta sauko, ta koma maɓoyarta tana jin daɗin wayonta.

Macen ta dawo. Ba ta haye ba. Ta tsaya bakin sheƙa, ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta sa baki ta mirgino baƙon ƙwan waje. Tabawa ta ji ƙarar fashewarsa a gindin kuka, ta ji kamar a cikin ƙirjinta ya fashe. Ta fito da gudu ta durƙusa a kansa. Har ya fara zama tsuntsu, ga ɗan idonsa.

Daga bisa aka ce, "Tabawa, ni kika mayar kaza?"

Tabawa ta ɗaga kai, hawaye na zuba. Ta ce, "Na yi kuskure. Saura ɗaya tak a duniya, ga shi a ƙirjina. Na hankakin dutse ne."

Macen ta karkata kai ta dube ta. Ta sauko reshe ɗaya, amma ba ta matso inda hannu zai kai ba. "Da kin yi sallama kin faɗa, da yanzu biyu ne. Wadda kika rataye ɗazu, mun yi mata ihu tun daga nesa kada ta sauka. Ba ta gane ba. A yarensu babu kalmar gudu."

"To ki taimake ni, baiwar Allah. Na san ban da fuskar roƙonki."

"Ba ki da ita kam. Kina kiranmu ɓarayi, ku kuma ku kuka share dajin da muke ci, muka biyo ku gida. Mu mun iya zama da ku, shi ya sa muka yi yawa. 'Yan uwanmu na bisa sun fi mu murya, sun fi mu kyan tashi, sun fi mu hali ma, in gaskiya za a faɗa. Ga inda halin ya kai su. Kawo shi, ba don ke ba. Amma da sharaɗi biyu. Baki biyar sun fi ƙarfina, ke za ki ciyar da wannan. Na biyun sai lokacinsa ya yi."

Tabawa ta hau ta ajiye ƙwan a gaban idon mai sheƙa. Wannan karon macen ta gyara shi da bakinta, ta haye.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙyanƙyashe, kuma mace ce. Tabawa ta yi guɗa ita kaɗai a gindin kuka, har masu wucewa suka ce tsohuwar ta fara taɓuwa. Kullum da safe ta tono gara a tukunya kamar yadda take yi wa 'yan zabi, ta kamo fara, ta hau turaku ta ba ta a baki. Sauran 'yan sheƙar in sun ga kanta sai su maƙale, ita kuwa baƙar sai ta miƙo wuya. Tabawa ta sa mata suna Shuni. Da gashinta ya fito, a rana sai ya riƙa ɗaukar ido kamar sabuwar rigar da aka buga. Da ta fara kuka, ba irin ƙarar na gari ba ce, wani sauti ne mai taushi kamar ana tsiyaya ruwa daga tulu.

Da ta iya tashi, sai ta bi Tabawa gida. Ta sauka a kafaɗarta in tana daka, ta ja mata ɗankwali, ta kwana a kan dangarta. Tabawa da ta shekara da shekaru tana magana da zabin da ba sa amsawa, yanzu ta sami mai ce mata "Inna". Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta so tsuntsuwar nan kamar ita ta haife ta.

Wata safiya mai tsagaggen fiffike ta sauka a kan rumbu. Ta ce, "Ubanta ya aiko, gobe za su zo su tafi da ita. Lokacin sharaɗi na biyu ya yi."

"Ina jin ki."

"Jiya a kan wani maharbi ta sauka, tana wasa da hularsa. Dariya ce ta hana shi murɗe mata wuya. Na koya mata cin abin da ta samu, na koya mata gane tarko. Tsoron mutum ne ya ƙi shiga, don duk sanda na ce mutum mugu ne sai ta ce ai Inna mutum ce. Ke kika ɓata, ke za ki gyara. In ta hau dutse a haka, yunwar farko za ta sauko da ita hannun wani, kuma abin da ta sani shi za ta koya wa 'ya'yanta."

Tabawa ta ce, "Magajiya cewa ta yi ta koma da ranta. Ba ta ce sai na yi wannan ba."

"Haka ne. Ke kin riga kin kuɓuta. Ita ce ba ta kuɓuta ba." Ta tashi ta bar ta nan.

Tabawa ta daɗe zaune a kan turmi. Shuni ta sauko ta tsaya gabanta tana jiran gara. Tabawa ta zaro kara daga danga, ta daka mata tsawa, ta kai mata duka a gefe. Shuni ta yi tsalle ta dawo, ta ɗauka wasa ne. Tabawa ta sake kaiwa, wannan karon ya same ta a baya. Ta tashi ta sauka a kan danga, ta ce, "Inna, me na yi?"

Tabawa ba ta amsa ba, don ta san in ta buɗe baki kuka ne zai fito, kuma in ya fito aikin ya lalace. Shuni ta sake saukowa, a hankali, tana jan jiki zuwa ƙafarta. Tabawa ta ɗauki busasshen hogen ƙasa, ta auna yadda zai yi zafi ba zai karya ba, ta jefe ta da shi a ƙirji. Shuni ta yi wata ƙara da babu hankakan dutsen da ya taɓa yin irinta, ta tashi sama. Ta zagaya gidan sau ɗaya, can nesa, ta nufi tudu. Tabawa ta tsaya da karan a hannu har ta daina ganinta, sannan ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar mijinta.

Ba wanda ya zo da tsintsiya. Tabawa ta ci gaba da kiwon zabinta, hankakin gari suka ci gaba da yi mata sata, tana zaginsu suna ramawa, sai dai ba ta ƙara ɗana tarko ba. Da kaka ta yi, ta ɗauki irin ɓaure ta hau tudu ta dasa, ta yi faɗa da masu gawayi har suka riƙa sauya hanya in sun hango ta.

A shekara ta huɗu, tana ban ruwa a kan tudun, ta ji sautin nan mai taushi daga sama. Baƙaƙen tsuntsaye ne, ta ƙirga goma sha uku, yawancinsu ƙanana, wata babba tana gaba. Tabawa ta manta kanta, ta ajiye tulu, ta ɗaga hannu biyu ta kira sunan. Babbar ta dubo ƙasa, ta gane ta, ta yi ƙarar gargaɗi sau ɗaya. Duk garken ya karkata kamar an ja shi da igiya, suka ƙara sama, suka zagaye tsohuwar can nesa.

Tabawa ta sauke hannunta. Ta ce, "Yawwa, 'yata. Kada ki yarda da ni." Ta goge idonta da bakin zane, ta ɗauki tulunta, don akwai sauran ɓaure shida da ba su sha ruwa ba.